Polima mai rassa daga silikon: yadda ake gina ta, da abin da rassan ke canzawa

Zarrar silikon hannu huɗu gare ta, kamar ta kabon, kuma duk zancen polima mai rassa, wato babban molekul da aka haɗa daga ƙananan tubala masu maimaituwa, ya rataya ne a kan yadda aka raba wa hannuwan nan aiki. Wasu ana toshe su da abin da ba ya kama kowa, galibi ƙungiyar metil (CH3) ko fenil (C6H5). Sauran ana barinsu su riƙe maƙwabta ta hanyar oksijin ko kabon. Masu aikin siloksan, wato polima mai ƙashin bayan Si–O–Si, sun daɗe da taƙaita wannan da haruffa huɗu. Silikon mai buɗaɗɗen hannu ɗaya shi ne M, aikinsa rufe bakin sarƙa. Mai biyu shi ne D, shi ke tsawaita ta. Mai uku T, mai huɗu Q. Man silikon da ake zubawa a injuna da kayan shafe-shafe sarƙar D ce zalla, da M a kowane ƙarshe. Da zarar T ko Q ya shiga, sarƙa ta yi reshe. In kuwa Q ne kaɗai babu kowa, an koma yashi.

Tubalan nan daga tukunya ɗaya suke fitowa. A 1940 Eugene Rochow na kamfanin General Electric ya nuna cewa idan aka bi da iskar metil kuloraid ta kan garin silikon da aka gauraya da jan ƙarfe, a zafin wajen digiri 300 na Salshiyas, za a samu metil-kuloro-silen kai tsaye. Richard Müller ma ya gano hakan a Jamus, shi kaɗai. Mafi yawan abin da ke fita (CH3)2SiCl2 ne, uwar D, tare da CH3SiCl3, uwar T, da (CH3)3SiCl, uwar M. Ta farko tana tafasa a digiri 70, ta biyu a 66, ta uku a 57. Tazarar digiri huɗun da ke tsakanin D da T ita ta sa masana'antu ke gina dogayen hasumiyoyin tacewa. Lissafin mai sauƙi ne: sarƙa mai D dubu biyar, idan T ɗaya cikin dubu ya saje da ita, ta samu rassa wajen biyar da babu wanda ya nema.

Me ya sa silikon ya fi kabon daɗin gina rassa? Girma ne da sakin jiki. Haɗin Si–O tsawonsa wajen angistirom 1.64 ne (angistirom ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan goma na milimita), na Si–C wajen 1.87, alhali na C–C 1.54. Kusurwar Si–O–Si tana kusa da digiri 143 kuma tana buɗewa ba tare da wahala ba. Saboda haka rassa uku za su fito daga zarra ɗaya ba su matse juna da wuri ba. Sannan haɗin Si–Cl da na Si–H suna amsa kira cikin hanzari, kusan ɗari bisa ɗari, abin da duk mai gini hawa-hawa yake buƙata.

Abokin gabar aikin shi ne jel. Idan aka zuba T zalla a ruwa aka bar shi, kowane reshe zai kama na wani, har duk abin da ke cikin kwalba ya zama molekul guda wanda ba ya narkewa a komai. Lissafin Flory da Stockmayer ya ce monoma, wato tubalin da ake gina polima da shi, mai hannu uku yana kaiwa nan idan rabin hannuwa sun haɗu, mai hannu huɗu kuwa kashi ɗaya cikin uku ya isa. Siloksan kan wuce wannan adadi kafin ya daskare, domin yana son naɗe kansa ya yi zobba, kuma hannun da ya tafi zobe bai ƙara wa raga komai ba. Amma jinkiri ne kawai. Dukkan dabarun da ke ƙasa hanyoyi ne na samun rassa masu yawa ba tare da an faɗa ramin nan ba.

Gini hawa-hawa: dendirima

Hanya mafi tsabta, kuma mafi cin rai, ita ce a fara daga cibiya ɗaya a riƙa ƙara hawa, a tsarkake kowane hawa kafin a ɗora na gaba, har a samu dendirima, wato molekul mai rassa tsararru da ya dunƙule kamar ƙwallo. Rukunin Muzafarov a Mosko ya yi haka da siloksan a 1989. Amma wanda ya fi yaɗuwa shi ne tsarin kabosilen da van der Made da van Leeuwen suka bayyana a Holan a 1992, inda ƙashin bayan Si–C ne. Dalilin fifikonsa a bayyane yake: haɗin Si–O–Si yana warwarewa ya sake ɗaurewa idan ya gamu da asid ko alkali, to ginin da aka sha wahalar tsarawa sai ya rikice, amma Si–C ba ya motsi.

Matakai biyu ne ake maimaitawa. Cibiyar ita ce tetira-alil-silen, silikon mai ƙungiyar alil huɗu, kowace da tagwayen haɗin C=C a bakinta. A mataki na farko ana ɗora HSiCl3 a kan kowane C=C da taimakon filatinam, ana kiran wannan haidirosililashan. Yanzu kowane hannu ya ƙare da SiCl3. A mataki na biyu ana maye gurbin kowane kulorin da sabuwar alil, ta amfani da alil-magniziyam-buromaid, ɗaya daga cikin sinadaran Grignard. Bakuna huɗu sun zama 12. A sake zagayowa su zama 36, sai 108, sai 324, sai 972. Idan aka sa CH3SiHCl2 a madadin HSiCl3, ninki biyu ake samu: 8, 16, 32, 64, 128.

A aikace, giram 10 na tetira-alil-silen milimol 52 ne, wato milimol 208 na C=C. Wannan yana buƙatar giram 28 na HSiCl3 a lissafi, amma ana ƙara rara mai kauri, domin yana tafasa a digiri 32 kacal, wani kaso yana tserewa, kuma rarar ba ta da wahalar cirewa da famfon zuƙe iska. Mataki na biyu zai ci milimol 624 na Grignard, shi ma da rara, a cikin busasshen ruwan narkarwa, wato ita (ether) ko THF, a dafa na sa'o'i masu yawa, sannan a kashe saura da ruwan amoniyam kuloraid mai sanyi, a raba gishirin magniziyam, a bi da abin ta bututun silika. Duk kwalabe a gasa su su bushe, a yi aikin ƙarƙashin naitirojin ko agon. HSiCl3 yana fitar da hayaƙin HCl da ya shaƙi damshin iska, don haka sai a akwatin zuƙe hayaƙi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawar zuba ruwa. Idan ko Si–Cl ɗaya ya saura bai samu alil ba, ruwa zai mai da shi Si–OH, biyu daga cikinsu su haɗu su ɗaure dendirima biyu wuri guda. A na'urar GPC, mai raba molekul bisa girmansu, sai a ga ɗan tudu a gefen masu nauyi, kusan ninki biyu na abin da ake nema, kuma raba shi da na kirki aiki ne ja. Na biyu shi ne rashin kammala matakin filatinam. Ana bin sa da NMR na haidirojin, awon da ke nuna irin ƙungiyoyin da ke jikin molekul: alamomin alil a wajen 5.8 da 4.9 sai sun ɓace ƙaf kafin a ci gaba. Kalmar "kusan" ba ta da amfani a nan. Idan kowane baki yana da damar kashi 99 cikin ɗari na haɗuwa, a hawa mai baki 36 kashi 70 ne kawai na molekul za su fito cikakku, a mai baki 108 kuwa kashi 34.

Filatinam ɗin ma yana da halinsa. Akwai na Speier, wato H2PtCl6 a cikin isofurofanol, tun 1957, da na Karstedt na 1973 wanda ya fi narkewa a man silikon kuma ya fi kuzari. Ɗan kaɗan ake sawa, kashi goma zuwa wasu gommai cikin miliyan. Ƙanƙantar nan ce ta sa ɗigon guba ke kashe shi: sinadaran farar wuta, amin, fosfin, da na kuza. Murfin roba da aka ƙarfafa da farar wuta ya isa ya tsayar da aiki. Yakan kuma yi shiru na ɗan lokaci da farko, mai aiki ya ɗauka bai kama ba ya ƙara masa silen, sai ya tashi gaba ɗaya da zafi mai yawa, silen ya tafasa ya yi ambaliya. Maganin shi ne a ɗiga kaɗan, a jira ma'aunin zafi ya motsa, sannan a ci gaba da ɗigawa da ruwan sanyi a kusa. Wani lahanin kuma shi ne filatinam na iya tura C=C na alil daga baki zuwa ciki, wanda ba ya karɓar Si–H, reshen ya mutu ke nan. Da binil a madadin alil wannan ba ya faruwa, sai dai silikon kan sauka wani lokaci a kabon na ciki maimakon na baki. Idan ruwan ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, filatinam ya dunƙule, ƙarfinsa ya ragu.

Ginin yana da rufi. Yawan bakuna yana ninkuwa a kowane hawa, amma faɗin molekul ɗan taki ɗaya yake ƙaruwa. Dole wata rana fili ya ƙare a saman ƙwallon, kamar yadda de Gennes da Hervet suka lissafa a 1983. Mai ninki uku yana cika da wuri, mai ninki biyu yana ba da damar hawa sama. Jacques Roovers a Kanada ya yi amfani da na ninki biyu a matsayin cibiya, ya ɗaura sarƙoƙin polibutadayin a kan bakunan Si–Cl, ya samu taurari masu hannu 32, 64 da 128.

Tukunya ɗaya: rassa barkatai

Wanda ke son kilo, ba giram ba, ba zai bi waccan hanya ba. Tun 1952 Flory ya nuna cewa monoma mai hannu iri A guda ɗaya da iri B biyu ko fiye, inda A ke kama B kaɗai, zai yi rassa iya son ransa ba tare da ya zama jel ba. Dalili: kowane molekul, komai girmansa, A ɗaya tak ya rage masa, kuma da hannu ɗaya ba a saƙa raga. A silikon, A da B su ne Si–H da C=C a jikin monoma guda. Mathias da Carothers sun yi haka a 1991 da alil ɗaya da Si–H uku. Metil-dayalil-silen kuwa akasin haka ne, Si–H ɗaya da alil biyu. A zuba filatinam, a motsa, a jira alamar Si–H da ke tsakanin 2100 da 2200 a na'urar IR, mai gane haɗi ta hasken da yake sha, ta daina sauka.

Abin da ake samu bishiya ce marar tsari, wasu rassan dogaye wasu gajeru, nauyin molekul kuma a warwatse. Ana auna yawan rassa da lamba daga sifili zuwa ɗaya: sarƙa miƙaƙƙiya sifili, dendirima ɗaya. Monoma mai B biyu da aka zuba gaba ɗaya yana tsayawa a 0.5, domin rabin tubalan hannu ɗaya kawai suke amfani da shi cikin B biyun. Idan aka riƙa ɗiga monoma a hankali a kan wata cibiya mai B zalla, lissafi ya nuna za a iya kai 0.67, kuma warwatsuwar nauyi tana raguwa sosai. (A yi hattara da haruffa: masu wannan lissafi suna amfani da D da T da wata ma'ana dabam, mai cikakken reshe da na baki, ba D da T na siloksan ba. Ruɗanin nan ya sha ɓata wa ɗalibai lissafi.)

Abin da ke hana nauyi hawa shi ne zobe. A ɗin nan guda ɗaya, idan ya juyo ya kama B na jikinsa, molekul ya rasa hanyar manne wa wani babba. A monoman Mathias, alil da Si–H na kusa da ita suna rufe zobe mai zarra shida, girman da ya fi kowane sauƙin samuwa. Shi ya sa ƙara filatinam ko ƙara lokaci ba ya ƙara nauyi. Abin da ke taimakawa shi ne rage ruwan narkarwa ko cire shi ɗungum, don molekul ya fi saurin gamuwa da maƙwabci a kan kansa, da kuma tsawaita tazarar da ke tsakanin A da B.

Sai batun ajiya, wanda ake yawan mantawa. Polima mai ɗaruruwan Si–H a baki, ga ragowar filatinam a ciki, ga damshi, za ta ci gaba da aiki a kwalba: Si–H ya zama Si–OH, iskar haidirojin ta taru ta kumbura murfi, bayan makonni a tarar da jel. Ana rufe bakunan nan take da wani alkin, wato ƙaramin molekul mai C=C, a tace filatinam da gawayin tacewa.

Hanyar masana'antu: a toshe baki da M

Mafi yawan polimar silikon mai rassa da ke kasuwa ba dendirima ba ce, rezin ne irin su MQ, wanda aka gina da M da Q, kuma dabararsa tsohuwa ce: a bar Q ya fara girma, a jefa masa M ya toshe shi kafin ya daskare. A tsarin Daudt da Tyler na kamfanin Dow Corning, mai takardar mallaka ta 1954, ana zuba sodiyam siliket a cikin asid, silika ta fara dunƙulewa, sai a yi maza a kawo uwar M tare da alkohol. Jinkiri kaɗan a wannan gaɓa yana ƙara nauyi, jinkiri mai yawa kuma ya ba da jel. Ɗaya hanyar, daga Si(OC2H5)4 da heksametil-daisiloksan da asid, ta fi tsada amma ta fi biyayya. Abin juyawa shi ne rabon M da Q. Tsakanin 0.6 da 1 ana samun gari mai narkewa a toluwin. Ƙasa da haka toshewar ba ta isa ba, sama da haka abin yana komawa ruwa mai kauri. Wannan rezin, gauraye da doguwar sarƙar D, shi ne gam ɗin salatif mai jure zafi da ake liƙa wa allunan lantarki. T shi kaɗai ma, idan aka tsinka shi sosai kuma ƙungiyar da ke kansa tana da girma, yakan rufe kansa ya zama keji mai silikon takwas a kusurwoyi, wanda ake kira T8.

Akwai sabuwar hanya da ta ba siloksan irin daidaiton da kabosilen ke da shi. Sinadarin boron B(C6F5)3, ɗan kaɗan, yana haɗa Si–H da Si–OR su zama Si–O–Si ba tare da ya taɓa haɗin da aka riga aka gina ba. Ana kiranta da sunan Piers da Rubinsztajn. Tana fitar da iskar metan ko etan da zafi cikin daƙiƙoƙi, don haka ba a rufe kwalba, ba a kuma zuba komai gaba ɗaya. Damshi yana riƙe boron ɗin ya jinkirta farawa.

A siloksan, NMR na silikon-29 ne alƙali: M a wajen +7, D a −22, T mai metil a wajen −66, Q a wajen −110. Daga faɗin waɗannan alamomi ake fitar da ainihin rabon tubala, wanda sau da yawa ya bambanta da abin da aka zuba.

Abin da rassa ke canzawa

Na farko kauri. Sarƙar siloksan miƙaƙƙiya, da nauyinta ya haura wajen dubu 25 zuwa 30, tana sarƙewa da 'yan'uwanta, kaurin ya riƙa tashi da nauyi a bisa ƙarfin 3.4, wato ninka nauyi sau biyu yana ninka kauri wajen sau goma. Molekul mai rassa gajeru masu yawa dunƙulalle ne, ba shi da jelar da zai sarƙe da ita, sai ya zauna ruwa-ruwa a nauyin da miƙaƙƙiya ta zama danƙo. Amma kada a ɗauka kowane reshe yana rage kauri. Rassa kaɗan dogaye akasin haka suke yi: molekul ba ya iya zamewa ta tsawonsa kamar maciji, sai ya janyo kowane hannu ciki, kuma kaurin tauraro yana bin tsawon hannu ne fiye da yawan hannuwa. Dendirimar kabosilen ma tana da abin mamaki. Ƙananan hawa ruwa ne mai gudu ko a sanyin da ya wuce digiri 80 ƙasa da sifili, amma daga wajen hawa na shida kaurin yana tsalle, abin ya koma kamar kakin zuma, saboda saman ƙwallayen ya cika har suna cije juna.

Dunƙulewar nan tana yaudarar awo. GPC girma take gani, ba nauyi ba, don haka idan aka gwada da ma'aunin polistairin miƙaƙƙe, za ta ba da adadi ƙasa da gaskiya, kuma kuskuren yana ƙaruwa da yawan rassa. Sai an haɗa da na'urar warwatsa haske. Ga mai metil-siloksan akwai ƙarin tarko: yadda yake karya haske kusan ɗaya ne da THF, 1.40 da ɗoriya dukansu, to a cikin THF da kyar na'urar ke ganinsa. Toluwin ake amfani da shi.

Na biyu bakuna. A dendirima fiye da rabin tubalan a baki suke, don haka abin da aka ɗora a baki shi ke yanke narkewa da taurin abin. A 1994 rukunin van Koten ya ɗaura nikel a bakunan dendirimar kabosilen, aka samu mai hanzarta haɗuwa da ke narke a ruwan aiki amma girmansa ya isa a yi tunanin tace shi a sake amfani da shi. Rezin T mai fenil kuwa yana kai ƙarfin karya haske sama da 1.5, shi ya sa ake rufe fitilun LED da shi. Rassa kuma suna hana sarƙoƙi jeruwa: siloksan miƙaƙƙe yana yin ƙanƙara mai narkewa a wajen digiri 40 ƙasa da sifili, tun kafin ya kai −125, inda yake sandarewa kamar gilashi, mai rassa kuwa yana iya tsallake wannan.

Inda rassa suka fi nuna amfaninsu shi ne a wuta. Sarƙa miƙaƙƙiya idan ta ji zafi tana yankewa ta naɗe ƙananan zobba su tashi a tururi, tukunya ta zauna wayam. Mai rassa sai an yanke wurare da yawa kafin gutsure ya samu 'yanci, to yawancinsa yana zama ya rikiɗe ya koma yumɓun silikon kabaid. A tsakiyar shekarun 1970 Seishi Yajima a Japan ya dafa polidaimetil-silen a sama da digiri 400 har ya sake tsari ya zama polikabosilen mai rassa da zobba, ya ja shi zare, ya ƙarfafa zaren a iska a wajen digiri 200, ya gasa a sama da 1200. Wannan ne asalin zaren yumɓu da ake kira Nicalon. Oksijin ɗin da ya shiga lokacin ƙarfafawa shi ya zama rauninsa a zafi mai tsanani, daga baya aka koma ƙarfafawa da hasken elektiron. A 1991 Whitmarsh da Interrante a Amurka sun bi ta wata ƙofa: ClCH2SiCl3 da magniziyam, wanda shi ma monoma ne mai A ɗaya da B uku, sannan LiAlH4 ya mai da ragowar Si–Cl zuwa Si–H. Abin da ya fito ruwa ne, silikon da kabon ɗaya-ɗaya kamar yadda kabaid ke buƙata. Idan aka ɗora masa alil kaɗan don ya daskare da wuri, fiye da kashi 70 na nauyinsa yana tsira daga wuta. Ana tsoma saƙar zare a cikinsa a gasa, amma da yake yumɓun ya ninka ruwan nauyi fiye da sau biyu a girma ɗaya, abin yana tsukewa ya bar ramuka, sai an sake tsomawa an sake gasawa sau da dama kafin ramukan su cike.